Zaman ma'aurata wurin masaniyar halayyar ɗan Adam a Ikeja: abin da na samu

Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwana mata da ke Legas waɗanda cin amanar miji ya kwantar, kuma kowa haƙuri kawai yake ba su. Ni da Abban yara mun yi watanni muna zuwa wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam a wani asibitin kuɗi da ke Ikeja. Kuɗinmu bai tafi a banza ba, ko da yake akwai inda aka gaza.

Bayan na ga saƙonnin matar da yake nema a ɓoye a wayarsa, manya a Agege sun zaunar da mu, wakili daga danginsa, wakili daga nawa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tanada. Allah ya saka musu, sun hana saki. Amma barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, keken ɗinkina ya yi ƙura, ɗinkunan sallar mutane na jibge ban iya taɓa su ba.

Ranar farko masaniyar ta gan mu ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni ko yana dukana, ta ce inda ake duka ba a fara zaman haɗin gwiwa sai an tabbatar da tsaron mace. Sannan ta ba ni takardar PHQ-9, tambayoyi 9 kan yadda mutum ya kasance a makonni 2 da suka wuce. Ta ƙarshe tana tambaya ko mutum na jin gara ya mutu. Hannuna na rawa na amsa ta da gaskiya. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi kama mata. Da yake ita ba ta rubuta magani, ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gargaɗe ni cewa maganin kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Haka kuwa aka yi.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne ƙa'idarta: idan ɗaya na magana, ɗayan ba zai kare kansa ba sai ya maimaita abin da ya ji. Na ce masa tun daga ranar da na ga saƙonnin nake ganin kaina ba a bakin komai ba. Ya fara da "Haba Maman yara, ba na ce ki yafe ba?" Ta ɗaga hannu ta ce, "Alhaji, me ta ce?" Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya faɗi maganata da bakinsa. A iya zamanmu ban taɓa jin ya saurare ni haka ba. Ta kuma sa ya yanke hulɗa da matar, muka je gwajin jini tare, ta ware mana lokacin tambayoyi da rana don in daina tashinsa cikin dare. Ko sau ɗaya ba ta matsa mini in yafe ba.

Inda aka gaza: ba ta jin Hausa. Akwai zafin da ba ya fita da Turanci, sai daga baya ta bar mu mu yi Hausarmu mu taƙaita mata. Da fari ma ta haɗa kishiya da neman mata a kwando ɗaya, sai da na fayyace mata cewa aure daban, ɓarna a ɓoye daban. Ga tsada, ga cunkoson hanyar Agege zuwa Ikeja, har wasu zaman muka mayar ta bidiyo.

Wadda kuɗi ya yi wa nauyi, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da yake nan tun 1907. Kafin ki biya ko'ina, ki tambaya ko sun saba zama da ma'aurata Musulmi, ko kuma akwai mai jin Hausa.

Yanzu ina barci, na koma ɗinki. Yarda ce ba ta gama dawowa ba, kuma muna ci gaba da zuwa. Idan maigida ya ƙi bin ki, ana karɓar mace ita kaɗai.