Na'urar Auna Sukari ta Dantse da Matsalar Yankewarta da Waya a Karkara

Na'urar da nake bayani a kanta ita ce 'yar ƙaramar nan mai faɗin kwabo da ake mannawa a bayan dantse, wadda take auna sukarin jiki dare da rana har kwana 14, tana aika sakamakon zuwa waya ta hanyar Bluetooth. Mahaifinmu, wanda yake da ciwon sukari kuma yake kan allurar insulin, yana amfani da ita a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma ni nake kula masa da wayar. A ganina tana da amfani ƙwarai, domin tana yin ƙara idan sukari ya sauka ƙasa da 70, amma duk wanda zai saye ta a karkara ya kamata ya san cewa za ta riƙa yankewa da wayar.

Mutanenmu sukan ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali babu ruwan sabis a nan. Na'urar da wayar suna magana ne kai tsaye, kuma ana buƙatar intanet ne kawai wajen buɗe asusu a manhajar na'urar da ke cikin waya da tura sakamako ga likita ko ɗan'uwa na nesa. Abin da ake buƙata shi ne kusanci, domin saƙon ba ya wuce kimanin mita 6, shi ma idan babu shamaki. Katangar ƙasa mai kauri tana rage wannan tazara sosai, saboda haka idan Baba yana zaure da baƙi wayar kuma tana ɗaki, yankewa ta zama dole. Jikin mutum ma yana tare saƙon: wanda ya kwanta a kan hannun da na'urar take yakan wayi gari da giɓi a jadawalin awon sukarinsa, wani lokaci kuma dannewar takan sa ta nuna sukari ya sauka alhali bai sauka ba.

Babbar matsalar dai tana wurin wayar, kuma a nan ne zaman karkara ya fi cutar da mai ciwon. Saboda ƙarancin wutar lantarki, kusan kowa yana kunna tsarin tattalin batir, shi kuwa wannan tsari yakan kashe manhajar da zarar fuskar waya ta mutu. Sai an shiga saitin Android an cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, an bar Bluetooth a kunne, an kuma daina share ta daga jerin manhajojin da ke buɗe. Da muka yi haka, yankewar ta ragu matuƙa. Sauran ta shafi caji, domin wayar da ta kwana a shagon mai caji ba za ta tashi kowa ba idan sukari ya faɗi da tsakar dare, wanda shi ne lokacin da aka fi jin tsoro. Ina ganin ƙaramar sola ta gida wajibi ce a cikin lissafin kuɗin na'urar.

Idan yankewar ta kai minti 20 manhajar tana yin gargaɗi, kuma mafi yawan lokuta kashe Bluetooth a sake kunnawa, ko kara bayan wayar a kan na'urar, yana dawo da haɗin. Wannan karawar tana buƙatar NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta na'ura idan an kara su, wanda wayoyi masu araha da yawa ba su da shi, don haka a duba tun kafin a biya kuɗi. Irin tamu tana riƙe bayanan awa 8 ne kawai, abin da ya wuce haka ba a karanta ba ya ɓace.

Zafin bazara ma abin lura ne, domin an ƙayyade aikin na'urar zuwa digiri 45 a ma'aunin Celsius, gumi kuma yana sassauta gam ɗin da ke manne ta a jiki, sai an ƙara filasta a gefe. Tsadarta ba ƙarama ba ce ga manomi, tunda duk mako biyu ake sayen sabuwa. Ina ba masu allurar insulin shawarar su gwada ta idan suna da hali, da sharaɗin su ajiye na'urar tsikarar yatsa a kusa, domin da ita ake tabbatar da awo duk lokacin da haɗin ya yanke, ko abin da wayar ta nuna ya saɓa da yadda mai ciwon yake ji a jikinsa.