Kwas ɗin Java da na saya, da darasin gado da ya cinye mini darare uku

Na biya kuɗin wannan kwas na koyon Java, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ta intanet ne saboda malamin mutum ne mai natsuwa wajen bayani, kuma a makonni biyar na farko ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Matsalar ta faro ne a darasin gado, wato inda aji, tsarin da ake ƙera abubuwa da shi a cikin manhaja, yake gadar ma'ajiyoyin bayanai da ayyukan ajin da ya fito daga cikinsa. Malamin ya ce idan ajin ɗa ya sake rubuta wani abu na ajin uwa, ma'ajiya da aiki duk hukuncinsu ɗaya, kuma mai son komawa ga na uwar yana iya amfani da kalmar super, mai nuni ga ajin uwa, ko ya tilasta wa abin ya ɗauki nau'in uwar, duk sakamakon guda ne. Na karɓi maganar hannu bibbiyu domin ban taɓa kama shi da kuskure ba.

A lokacin ina rubuta ƙaramar manhaja ta lissafin adashenmu. Ina da aji mai suna Asusu, da ɗansa AsusunAjiya, kowanne da ma'ajiyar caji da aikin lissafa. A cikin lissafa na ɗan, na tilasta wa this, wato abin da aikin yake gudana a kansa, ya zama Asusu, sannan na kira lissafa, ina zaton na uwar zan samu. Manhajar ta faɗi da StackOverflowError, domin aikin ya yi ta kiran kansa har wurin ajiyar kira ya cika. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, wannan dabarar ta yi aiki sarai a kan ma'ajiyar caji, ta ba ni adadin da ke cikin uwar. Darare uku na yi ina zargin kaina, ina sake kallon bidiyon, datata tana ƙarewa.

Gaskiyar maganar, wadda na samo a bayanan da kamfanin Oracle, mai kula da Java, ya wallafa kyauta, ita ce a Java ba a maye gurbin ma'ajiya, rufe ta kawai ake yi. Ta uwar tana nan daram a cikin abin, kuma nau'in da aka ayyana a rubuce ne yake tantance wadda za a karanta tun lokacin harhaɗa kod, kafin manhaja ta fara gudana. Shi kuwa aiki, ainihin ajin da aka ƙera abin da shi ne yake tantance shi yayin da manhaja take gudana, don haka tilasta nau'i ba ya canja komai. Da na rubuta super.lissafa(), komai ya daidaita nan take. A can ne kuma na ga cewa su kansu ba sa ƙarfafa rufe ma'ajiya, saboda yana wahalar da mai karanta kod.

Ba zan zalunci malamin ba, darasin da ya biyo baya ya yi kyau ƙwarai. Ya nuna amfanin alamar @Override, mai nuna cewa aiki yana maye gurbin na uwa, wadda ta shigo da Java 5 a shekarar 2004, ya bayyana cewa ba a rubuta super sau biyu domin a tsallake uwa a isa ga kaka, har ya kawo yadda Java 8 ta 2014 ta ba da damar haɗa sunan intafes, wato jerin ayyukan da aji yake alkawarin samarwa, da super. Na kusa yafe masa a nan.

Sai dai da na tuna cewa alamar @Override ɗin nan ba ta hawa kan ma'ajiya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa kuskurensa, raina ya sake ɓaci. Na aika wa masu kula da ɗalibai saƙo tare da kod ɗina, aka yi kwana tara kafin su amsa, amsar kuma ita ce in sake kallon bidiyon da kyau. Wannan ya fi kuskuren kansa yi mini ciwo, domin kuɗin da na biya har da na amsa tambayoyi. Jiya na sake duba darasin, bidiyon yana nan yadda yake, kuma sababbin ɗalibai suna ci gaba da yi wa malamin godiya a kansa.