Dubu 480 muka ba mai hoto a bikin ƙanwata, ga abin da muka samu

Ni na riƙe littafin lissafin bikin ƙanwata a Kano cikin Disambar 2024, don haka duk kwabon da ya fita ta hannuna ya bi. Lokacin buhun shinkafa ya doshi dubu 100, litar fetur ta haura naira dubu, ga kayan ɗaki, ga gara, ga mai lalle da mai kwalliya kowa da nasa bakin. Ana cikin wannan amarya ta turo min shafin wani mai hoto a Instagram, ta ce ita dai shi take so.

Da na kira shi, dubu 650 ya yanka: kamu, ɗaurin aure da dina, da albam, da bidiyo, da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Da Baba ya ji sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Hoton ne zai zauna da ita a ɗakin?" Sadakin yarinyar ma dubu 300 ne. Muka yi ta ja har ya sauko 440, ango ya ɗauki rabi tunda dina tasa ce, na ba da kafin alƙalami na dubu 250.

Sauran dubu 40 ɗin na wata yarinya ce da yake aiki da ita, kuma har yau ina cewa su ne kuɗin da suka fi albarka a bikin nan kaf. Da farko ban so ba. Shi ya ce min, "Hajiya, gidanku na malamai ne, ba za a bar ni na shiga cikin mata ba. In ma an bar ni, kowa mayafi za ta ja." Gaskiyarsa. Ranar kamu yarinyar nan ta shige cikin gida da atamfarta kamar 'yar biki, ba wanda ya kula da ita. Ta ɗauki lokacin da ƙawaye suka kulle ƙofa suna ciniki da dangin ango, wata ta leƙo da ido ɗaya ta kafar labule. Ta ɗauki hannun Gwaggo yana fesa turare, amarya ta dunƙule cikin lafaya, lallen ƙafarta kaɗai ake gani. Akwai wani na Hajiyarmu a bakin murhu tana share ido da gefen zani, ta rantse hayaƙi ne. Ba ko ɗaya a cikinsu da aka ce wa kowa ya tsaya ya yi murmushi.

Ɗaurin aure ma ba laifi. Bayan sallar Juma'a aka yi, kuma wanda ya sani ya san abin ba ya wuce 'yan mintuna: waliyyi da wakili su yi siga, a shafa fatiha, maroƙi ya sanar, sai cunkoso. Mai hoton ya riga liman zuwa, ya samu wuri kusa da sahun gaba. Mu mata da ba ma zuwa, a hotonsa muka ga yadda aka yi.

To, sai inda na ji haushi.

Jirgin nan asarar kuɗi ce tsagwaronta. Dina da daddare, cikin ɗakin taro, ga hazon hunturu a waje. Abin da ya ɗauko mana rufin kwano ne da motoci a fake, daƙiƙa goma sha wani abu a farkon bidiyo. Dubu 60 ke nan, kuɗin da zai sayi ƙaramin kafet na falonta.

Na biyu, alƙawari. Mako uku ya ce zai kawo hotunan, sai da muka yi wata biyu da rabi. Yau babu wuta, gobe kwamfutarsa ta lalace, jibi yana Kaduna wani biki. Laifina ne, don na cika masa kuɗinsa a daren dina ina cikin farin ciki. Wanda ya riga ya karɓe hakkinsa, me zai sa ya ɗaga waya?

Na uku shi ya fi ci min rai. Ƙanwata baƙa ce, baƙi mai kyau irin na Babanmu. Da hotunan dina suka iso, sai ga wata fara sol, fuska sumul kamar 'yar tsana, hancin ma an ɗan ja shi. Kakarmu ta karɓi waya ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Wannan kishiyar ce aka yi mata tun yanzu?" Aka yi dariya, amma amarya ba ta yi ba. Da na yi masa magana ya ce ai haka amare suke so. Wataƙila wasu. Mu ba wanda ya tambaye mu. Ya gyara guda 30 da suka shiga albam, sauran ya ce sai an ƙara kuɗi. Na ce to ya turo min na asali waɗanda bai taɓa ba, ya turo a filash bayan ƙorafi, kuma sun fi kyau nesa ba kusa ba.

Albam ɗin yana da nauyi, takardarsa mai kauri, aiki ne mai kyau. Sau biyu aka buɗe shi, yana saman wardrob. A WhatsApp kowa ke kallon hotunan.

Auren autarmu na nan tafe, kuma na sake kiransa, don hannunsa na da kyau. Na ce masa babu jirgi, babu albam, kar a taɓa launin fatar kowa, kuma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana hannuna sai ranar da na karɓi filash. Ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, kin zama 'yar kasuwa." Na ce yarinyar nan fa da ita za a zo, kwana biyu, kuma a hannunta zan damƙa kuɗinta.