Gwajin ƙarfin ƙashi da na'urar DEXA a wata cibiya a Abuja

Likita ya tura mahaifiyata wannan cibiya domin a auna ƙarfin ƙashinta, saboda yana zargin zaizayewar ƙashi. Ma'aikaciyar ta karɓe mu da mutunci, ta sa ta cire duk wani ƙarfe da ke jikin tufafinta, ta kwantar da ita rigingine, sannan na'urar ta bi ta kan ƙugu da ƙashin baya cikin 'yan mintoci, babu allura kuma babu zafi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an miƙa mana sakamako ba tare da bayani ba, alhali makin T, wato lambar da ke nuna ƙarfin ƙashi a sakamakon, idan ya kai -2.5 ko ƙasa da haka yana nuna cutar ta tabbata, kuma tsohuwa ta cancanci a fahimtar da ita.