Sharhi a kan ƙunshin hotunan flanel na tarihin 'yan mishan

Malaman makarantar Lahadi da suka daɗe a aikin sun san allon flanel, wato katakon da ake lulluɓewa da yadi mai gashi-gashi domin hotunan da aka yanka su riƙa mannewa a jikinsa ba tare da gam ba. Yawancin hotunan da ake samu a shagunan littattafan Kirista na labaran Littafi Mai Tsarki ne, amma wannan ƙunshi, wanda wasu malamai a Jos suke haɗawa da hannu suna sayarwa, tarihin zuwan bishara ƙasarmu ya ɗauka. A cikin jakar akwai yadin shimfiɗa mai ɗauke da zanen kogin Kwara da na Binuwai, da hotunan mutane da kwalekwale da dawakai da bukkoki, sai kuma ɗan littafin jagora da aka rubuta da Hausa mai sauƙi.

Darasin da ya fi nuna amfanin kayan shi ne na wasu samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a wancan zamani. Malami zai manna su ukun a bakin teku, ya bar Bingham a Legas, sa'an nan ya riƙa matsar da sauran biyun zuwa arewa kaɗan-kaɗan yana ba da labari. Idan aka kai 1894, shekarar da Gowans ya rasu a wani gari mai suna Girku, Kent kuma a Bida, littafin jagora ya ce a kira yaro guda ya zo ya cire hoton da hannunsa. A ajinmu yarinyar da ta cire Kent ta tsaya riƙe da shi, ta juyo ta ce, "Malama, ina zan ajiye shi?" Daga nan ajin ya yi tsit, kuma da aka manna ɗan gidan mishan na Patigi, wanda aka buɗe a 1902 bayan Bingham ya sake yunƙuri har sau biyu, yaran da kansu suka fahimci abin da ya ci kafin a kai ga wannan gida, ba sai an yi musu dogon wa'azi ba.

Darussan Wase, inda Karl Kumm, ɗan mishan Bajamushe, da abokansa suka yada zango a 1904, da na Garkida, inda aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a 1923, sun yi kyau, ko da yake an taƙaita su ƙwarai.

Inda nake da ja da masu haɗa kayan shi ne wajen zaɓen mutane. Kusan duk hoton da yake da suna na Bature ne, 'yan ƙasa kuwa an bar su a matsayin 'yan dako da masu sauraro. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka ceto daga jirgin bayi yana yaro har ya zama bishop a 1864, hoto ɗaya tak aka ba shi. Babu tafintoci, babu masu bishara na ƙauye da suka riƙa tafiya a ƙasa ko a kan keke, babu kuma malaman da suka taimaka har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Yaron da ya tashi da irin wannan darasi zai iya ɗauka cewa aikin mishan na baƙi ne kawai, alhali ikilisiyarsa tana da nata masu bishara a fili yau.

Haka kuma jagoran ya ba da shawarar a buɗe darasi da "Ga ta nan, ga ta nanku". Wannan yana jawo hankalin yara nan take, sai dai dole malami ya bayyana musu cewa tarihi ne ba tatsuniya ba, in ba haka ba za su sa Bingham a sahu ɗaya da Gizo.

Ta fuskar ƙwari, yadin shimfiɗar yana da kauri kuma yana wankuwa, amma takardar hotunan ba ta da nauyi, tana nannaɗewa da hunturu, don haka gara a adana su a tsakanin kwalaye biyu. Kayan sun fi dacewa da yara 'yan shekara 5 zuwa 10, musamman a majami'un da babu wutar lantarki. Duk wanda zai saya, ina ba shi shawara ya roƙi a ƙara masa hotunan mutane marasa suna, domin ya rubuta sunayen waɗanda suka fara kawo bishara garinsu a bayansu.