Core i7-3770 a tsohuwar Dell OptiPlex 7010

Ga mai kwamfutar OptiPlex 7010 da ta zo da furosesa Core i3, wannan furosesa ya cancanci kuɗinsa. Soket ɗinsu, wato mazaunin furosesa, ɗaya ne, LGA1155, yana zama daram. Ƙwayoyin sarrafa aiki (cores) 4 gare shi a gudun 3.4 GHz, kuma ana ganin bambancin da zarar an buɗe manhajoji da yawa.

A fara sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, kafin a ciro tsohon furosesan. A goge busasshen man sanyaya da ake shafa wa furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. In ba haka ba fanka za ta yi ta ruri saboda zafi. A kula da filolin soket, saurin lanƙwashewa gare su.

Aibinsa: Windows 11 ba ta karɓarsa a hukumance, Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare a Oktoban 2025. Babbar manhajar Linux Mint a kan ma'adanar bayanai mai sauri ta SSD ta fi dacewa da shi.