Don na Amitabh ko Don na Shah Rukh? Ga nawa ganin

Ƙaninmu ya tambaya jiya da dare wai tsakanin Amitabh Bachchan da Shah Rukh Khan wa ya fi iya Don, fim ɗin Indiyan nan da aka yi a 1978 aka sake yi a 2006, kuma me ya sa Vijay, talakan da ke kama da Don sak, ya yarda ya shiga cikin 'yan ta'adda alhali ya san kansa zai iya tafiya. Na so in amsa tun a lokacin sai dumsor, wato ɗauke wutar Ghana, ya yi mana halinsa a unguwar Aboabo waya ta mutu. Wanda bai kalla ba ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Ƙanina, kuskuren da muke yi a bencin ataya shi ne muna ɗauka aiki ɗaya aka ba su. A na 1978, wanda Salim da Javed suka rubuta Chandra Barot ya ba da umarni, Amitabh mutum biyu ya fito da gaske. Don ɗinsa ba ya daɗewa, ya mutu a bayan motar ɗan sanda D'Silva aka binne shi a ɓoye, amma ɗan lokacin da ya yi ya isa, ka tuna inda ya harbe yaronsa ya ce wai takalminsa ne bai masa ba, ashe takardar tonon asiri ce a dunduniyar takalmin, ko girarsa bai ɗaga ba. Sai ga Vijay, wanda D'Silva ya ɗauko ya maye gurbin Don don ya tona asirin mutanensa, baki ja wur da ganyen paan kamar tsohon da ya kwana yana cin goro, surutu ba birki, tafiya ma daban. In ka rufe ido ka saurari murya kawai za ka rantse mutum biyu ne. A kan wannan ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi, kuma wallahi bai ci haram ba.

Dalilin Vijay kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne, yara biyu ne ya tsinta yake riƙo, 'ya'yan wani Jasjit da aka ɗaure, D'Silva ya masa alƙawarin sa su makaranta. Shi ke nan. Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar Kejetia ta Kumasi yana neman kuɗin makarantar ɗan da ba shi ya haifa ba ya san wannan ba wasa ba ne, shi ya sa da D'Silva ya mutu ba wanda ya san Vijay ba Don ba ne, 'yan sanda na binsa 'yan daba na binsa, kai ma cikinka sai ya ɗuri ruwa.

Na 2006 fa, Farhan Akhtar ɗan Javed ɗin ne ya ɗauko labarin babansa ya kai Malesiya ya juya shi. Yaron ya koma ɗaya, jan littafin sirrin Don na tsohon fim ɗin ya koma faifai, D'Silva da Boman Irani ya fito shi ne ma Vardhan, babban dillalin ƙwayar da ake nema. Babban abin shi ne Don bai mutu ba, a asibiti ya ji shirin da ake yi ya sauya gado da Vijay ya kashe shi, to ka ga daga nan har ƙarshe Shah Rukh Don ne yake kwaikwayon Vijay mai kwaikwayon Don. Kallon farko na ce wannan Vijay ɗin bai zauna ba, ya cika yanga, talakan ma ƙamshin turare yake. Sai da na maimaita na gane da gangan ne rabi, ɗayan rabin kuma Shah Rukh ne dai ba ya iya ɓoye Shah Rukh, ko buhun gawayi ka ɗora masa. Amma mugunta kam ya fi, yana kisa yana murmushi, kuma dalilinsa ba yaro ba mace, so yake ya share manyan da ke samansa ya gaje kasuwar ƙwaya. Wurin da ya kira Roma, jarumar fim ɗin, kyanwar daji tana kwance za a sa ta a motar asibiti, ta gane wanda take so shi ne ya kashe yayanta, nan Priyanka Chopra da ta fito a Roma ta yi ƙoƙari, ko da yake ni har gobe Zeenat Aman ta 1978 ce Roma, ita da ta yanke gashi ta koyi faɗa ka san ramuwa ta kawo ta.

To in Vijay kake tambaya Amitabh ne ba gardama. In Don ne zalla na ba Shah Rukh da ɗan tazara kaɗan, shi ma don an ba shi fili ne har da Don 2 a 2011. Babanmu dai da na kunna masa sabon, ana kaiwa wurin asibitin nan ya miƙe ya ɗau butarsa ya ce sun kashe yaron kirki sun bar ɓarawo, bai dawo ɗakin ba.